Jagorar Zaɓen Kyamarar Dijital Ga Mai Sha'awar Ɗaukar Hoto

Gabatarwa

Daga cikin tambayoyin da suke yawan zuwa mana daga mazauna karkara da ma'aikatan ƙananan hukumomi akwai tambayar irin kyamarar da ya kamata mai sha'awar ɗaukar hoto ya saya. Wasu malaman makaranta ne da suke son adana tarihin garinsu, wasu matasa ne da suke son ɗaukar hawan sallah da bukukuwan gargajiya, wasu kuma jami'ai ne da ake buƙatar su haɗa rahoton aikin rijiyar burtsatse ko ginin aji da hotuna. Kyamara kaya ce mai tsada, kuma daga ƙasashen waje ake shigo da ita, saboda haka farashinta yana bin canjin dala. Wanda ya yi kuskuren saye yana iya asarar kuɗin da ya daɗe yana tarawa, kuma da wuya ya sami mai karɓar ta a kan farashin da ya saya.

Mun shirya wannan bayani ne domin mai saye ya shiga kasuwa da saninsa. Ginshiƙin shawararmu shi ne a fara tantance aikin da za a yi da kyamarar da yanayin wurin da za ta zauna, sannan a duba girman allon da yake karɓar haske a cikinta da ingancin gilashinta. Lambar megafiksel da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali ita ce abu na ƙarshe da za a duba.

Asalin kyamarar dijital

A shekarar 1969 wasu masana biyu a Amurka, Willard Boyle da George Smith, suka ƙirƙiro wani ɗan ƙaramin allo da yake mayar da haske ya zama saƙon lantarki, aikin da ya sa aka ba su lambar yabo ta Nobel a 2009. Da irin wannan allo ne wani injiniyan kamfanin Kodak mai suna Steven Sasson ya harhaɗa kyamarar dijital ta farko a 1975. Nauyinta ya kai kilo 3.6, tana ɗaukar hoto baƙi da fari mai ɗigo 10,000 kacal, kuma sai ta shafe daƙiƙa 23 kafin ta naɗe hoto ɗaya a kan kaset.

Daga ƙarshen shekarun 1990 kyamarar dijital ta fara kawar da mai amfani da fim. Kamfanin Nikon ya fitar da D1 domin ƙwararru a 1999, sannan a 2003 Canon ya fitar da EOS 300D a kan farashin da bai kai dala 1,000 ba, abin da ya buɗe ƙofa ga masu ɗaukar hoto don sha'awa. Alƙaluman ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan sun nuna cewa an fitar da kyamarori sama da miliyan 120 a 2010, amma zuwa 2020 adadin ya faɗo ƙasa da miliyan 10, saboda wayar hannu ta karɓe aikin ƙananan kyamarori. Wannan sauyi ya shafi mai saye ta fuska biyu. Manyan kamfanoni sun rage ƙera ƙananan kyamarori masu araha, har wasu marasa suna suka cike gurbinsu a kasuwa. A ɗaya ɓangaren kuma akwai kyamarori nagari masu yawa na hannu da ake samu da sauƙin kuɗi.

Yadda kyamara take aiki

Haske yana shiga ta gilashin da ke gaba, wato idon kyamara, ya sauka a kan allon nan mai jin haske, wanda ake kira sensa. Sensa tana ɗauke da miliyoyin ƙananan ɗigo, kowanne yana auna hasken da ya faɗo masa, sannan kyamara ta haɗa su ta adana hoto a katin ajiya. Ɗigo miliyan ɗaya shi ne megafiksel ɗaya.

Abubuwa uku ne suke tsara yawan hasken hoto, kuma ana iya kwatanta biyu daga cikinsu da ƙofar ɗaki da ƙyaurenta.

1. Ƙofar haske: ita ce faɗin kafar da ke cikin gilashi. Ana rubuta ta da harafin f, kamar f/1.8 ko f/5.6. Ƙaramar lamba tana nufin ƙofa mai faɗi. Ƙofar f/1.8 tana shigar da haske kusan ninki goma na wanda f/5.6 take shigarwa.

2. Ƙyauren haske: shi ne yake buɗewa ya rufe idan an danna maɓalli. Ana auna shi da kason daƙiƙa. Mutumin da ke zaune ana iya ɗaukarsa da 1/125, amma dokin da ke sukuwa yana buƙatar 1/1000, in ba haka ba hoton zai yi dishi-dishi.

3. ISO: wannan lamba ce ta ƙarfin jin haske. Da rana ISO 100 ko 200 ya wadatar. Da dare sai an ɗaga shi zuwa 1600 ko fiye, kuma a nan ne hoton ƙaramar sensa yake cika da ɗige-ɗige kamar an watsa masa yashi.

Duk wanda yake son ya koyi ɗaukar hoto sosai, ya nemi kyamarar da za ta ba shi damar sarrafa waɗannan abubuwa uku da hannunsa. Ana gane ta da haruffan M, A da S, ko M, Av da Tv, a kan ɗan maɓallin juyawa da ke samanta.

Tambayar farko: wane aiki za ta yi?

Kafin a tambayi farashi, mai saye ya zauna ya amsa wa kansa waɗannan tambayoyi: Me zan fi ɗauka? Daga nesa ne ko daga kusa? Da rana ne ko a cikin ɗaki da dare? Abin yana motsi ko yana tsaye? Wanke hoton zan yi a takarda ko a waya zan tura shi? Sau nawa ake samun wutar lantarki a garinmu?

Idan amsar ita ce hotunan iyali da na gona da rana, waɗanda za a tura wa 'yan uwa ta WhatsApp, to wayar hannu mai kyau ta wadatar, kuma ba mu ga dalilin kashe kuɗi a kan kyamara ba. Kyamara tana nuna fifikonta ne a wurare huɗu: jawo abu daga nesa, tsayar da abu mai gudu, aiki a wuri mai ƙarancin haske, da kuma yin aiki yini guda ba tare da an ƙarar da cajin wayar da ake kira da ita ba. Mai son ɗaukar masunta a bikin kamun kifi na Argungu daga bakin kogi, ko giwaye a Yankari, ko tsuntsaye a fadamar Haɗejiya da Nguru, ko mahaya a hawan Daushe na Kano, wannan shi ne mai buƙatar kyamara.

Ire-iren kyamara

1. Ƙaramar kyamara ta aljihu. Gilashinta a manne yake, ba a cire shi. Ba ta da nauyi kuma ba ta da wuyar sarrafawa. Masu ƙaramar sensa daga cikinsu ba su fi wayar zamani kyan hoto ba, sai dai sun fi ta jawo nesa. Akwai kuma masu sensa mai ɗan girma, waɗanda hotonsu yake da kyau amma farashinsu yana da yawa.

2. Kyamara mai jure wahala. Ita ma ta aljihu ce, amma an rufe ta yadda ruwa da ƙura ba sa shiga. Misali shi ne Tough TG-7 ta kamfanin OM System da ta fito a 2023, wadda take jure nutsewa cikin ruwa har zurfin mita 15. Irin wannan ta dace da malaman gona da masu duba ayyuka da suke yawo a kan babur.

3. Kyamara mai dogon zango. Siffarta kamar ta ƙwararru ce, amma gilashinta ba ya cirewa, kuma sensarta ƙarama ce. Amfaninta shi ne jawo nesa ƙwarai. Nikon Coolpix P900 ta 2015 tana jawowa ninki 83, P1000 ta 2018 kuma ninki 125. Tana aiki da kyau da rana tsaka, amma tana rauni da magariba da cikin ɗaki.

4. Kyamara mai madubi, wadda aka sani da DSLR. A cikinta akwai madubi da yake juya haske zuwa kafar leƙe, kuma ana sauya mata gilashi. Tana da nauyi, amma batirinta yana daɗewa, kuma gilasanta na hannu suna da yawa a kasuwa. Ya kamata a sani cewa samfuran ƙarshe na wannan iri daga Canon da Nikon sun fito ne a 2020.

5. Kyamara marar madubi. Panasonic ne ya fara fitar da ita a 2008 da samfurin Lumix G1, sannan Sony ya fitar da mai babbar sensa a 2013, Canon da Nikon kuma suka fito da sababbin tsarinsu a 2018. Ita ma ana sauya mata gilashi. Ta fi mai madubi sauƙin ɗauka, kuma sababbinta suna iya bin idon mutum da kansu su daidaita hoto a kansa. A nan ne kamfanoni suka mayar da hankalinsu yanzu. Rauninta shi ne cin batir.

Girman sensa da batun megafiksel

Sensa kamar kwano ce da aka ajiye a tsakar gida ana ruwan sama: mai faɗin baki ya fi tara ruwa. Haka babbar sensa take tara haske fiye da ƙarama, shi ya sa hotonta yake fitowa sarai ko da haske ya yi ƙaranci. Ga girman waɗanda aka fi samu:

1. Ƙarama, mai alamar 1/2.3: kimanin milimita 6.2 da 4.6.
2. Mai alamar inci ɗaya: milimita 13.2 da 8.8.
3. Ta tsarin Micro Four Thirds: milimita 17.3 da 13.
4. Mai alamar APS-C: kimanin milimita 23.5 da 15.6.
5. Cikakkiya, mai girman tsohon fim: milimita 36 da 24.

Faɗin ta biyar ya ninka na ta farko kusan sau talatin. Saboda haka kyamarori biyu suna iya zama da megafiksel 20 kowacce, amma hotonsu na dare ya bambanta nesa ba kusa ba. Ga mai ɗaukar hoto don sha'awa, ta uku da ta huɗu su ne suka haɗa kyan hoto da sauƙin kuɗi. Ta biyar tana da kyau ƙwarai, sai dai ita da gilasanta suna da tsada da nauyi.

Dangane da megafiksel kuwa, lissafin ba shi da wuya. Hoto mai inganci a takarda yana buƙatar ɗigo 300 a kowane inci. Hoton inci 4 da 6, irin wanda ake sakawa a albam, yana buƙatar ɗigo 1,200 sau 1,800, wato megafiksel 2.2. Cikakkiyar takardar A4 tana buƙatar kimanin megafiksel 8.7. Ke nan duk kyamarar da take da megafiksel 16 zuwa 24 ta zarce buƙatar mai sha'awa. Muna jan hankalin jama'a game da ƙananan kyamarori marasa sanannen suna da ake rubuta wa megafiksel 48 ko fiye a kan kuɗi kaɗan. Da yawa daga cikinsu ƙaramar sensa ce a ciki, na'urar ce kawai take kumbura hoton ba tare da ƙarin bayani a cikinsa ba. Araha ba ta ado.

Gilashi da jawo nesa

Ana auna gilashi da milimita. Ƙaramar lamba tana ɗaukar fili mai faɗi, babbar lamba kuma tana jawo abin da ke nesa. Yawancin kyamarori masu madubi masu sensar APS-C suna zuwa da gilashin 18-55, wanda ya isa ɗaukar taro, gini, gona da hoton mutum. Mai son dawakai ko namun daji zai ƙara da 55-200 ko 70-300. Mai ɗaukar walima da taron suna a cikin gida zai amfana da gilashin 35 ko 50 mai ƙofar f/1.8, wanda ba ya jawowa amma yana shigar da haske mai yawa, kuma yana cikin mafi araha.

A lura da bambanci tsakanin jawowa ta gilashi da jawowa ta dijital. A ta farko gilasan ne suke motsawa su kusanto da abu, kuma ingancin hoto ba ya raguwa. A ta biyu kyamara tana yanke tsakiyar hoto ne kawai ta faɗaɗa shi, don haka yana dusashewa. Lambar jawowa ta gilashi ce abin dubawa.

Haka kuma a tambaya ko gilashin ko kyamarar suna da na'urar rage girgizar hannu. Canon yana yi mata alama da IS, Nikon da VR, Sony kuma da OSS. Tana da muhimmanci idan ana jawo nesa, domin ɗan motsin hannu yana ɓata hoto.

Wani abin da masu saye da yawa ba su sani ba shi ne yawancin kamfanoni kowanne yana da irin bakin da gilashinsa yake shiga. Gilashin Canon ba ya hawa kan Nikon kai tsaye. Ko a kamfani ɗaya ma, gilashin kyamara mai madubi ba ya hawa kan marar madubi sai da mahaɗi na musamman. Wanda ya zaɓi kamfani ya zaɓi gidan da zai daɗe a ciki, don haka yana da kyau ya duba irin wanda masu ɗaukar hoto na yankinsa suka fi amfani da shi, domin samun aron gilashi, batir da mai gyara.

Batir da wutar lantarki

A ƙauyen da wuta ba ta zuwa kullum, batir yana iya zama abin da zai yanke hukunci. Kamfanoni suna rubuta adadin hotunan da caji ɗaya yake ɗauka bisa ma'auni guda. Nikon D3500 mai madubi, wadda ta fito a 2018, an auna ta a kan hoto 1,550. Ƙananan kyamarori marasa madubi yawanci suna tsakanin hoto 300 da 400, saboda allonsu yana kunne duk lokacin da ake aiki. Ɗaukar bidiyo yana ƙarar da batir fiye da haka.

Sababbin kyamarori da yawa suna karɓar caji ta kafar USB-C, irin ta wayar hannu, musamman tun da dokar Tarayyar Turai ta wajabta hakan daga ƙarshen Disamba 2024. Wannan yana ba da damar yin caji da ma'ajin wuta na aljihu ko da ƙaramin faifan sola. Tsofaffin kyamarori kuwa sai an cire batir an saka a caja, amma ana samun cajar da take aiki da USB. Ko wace iri aka saya, a haɗa da batir na biyu. A guji barin caja a jikin soket lokacin da ake tayar da janareta ko lokacin da wuta take rawa, kuma duk batirin da ya kumbura a daina amfani da shi nan take.

Katin ajiya

Yawancin kyamarori suna amfani da katin SD. Mai alamar SDHC yana kaiwa gigabait 32, mai alamar SDXC kuma ya wuce haka. Tsofaffin kyamarorin da aka ƙera kafin 2010 da yawa ba sa karanta SDXC, don haka a gwada kafin a biya. Hoton megafiksel 24 a tsarin JPEG yana cin kimanin megabait 10, ke nan katin gigabait 32 zai ɗauki kusan hoto 3,000. Tsarin RAW, wanda masu gyaran hoto a kwamfuta suke so, yana cin ninki biyu zuwa uku. Mai son bidiyo ya nemi kati mai alamar V30.

Katin jabu yana da yawa, kuma illarsa ba ta bayyana sai ya fara cika, sannan hotuna su ƙi buɗewa. Hanyar gwaji ita ce a cika shi da fayiloli a kwamfuta, a sake buɗe su a tabbatar suna nan. Kati biyu matsakaita sun fi babba guda ɗaya, domin idan ɗaya ya lalace ba a rasa komai gaba ɗaya ba. Bayan kowane aiki a kwafe hotuna zuwa wuri biyu daban kafin a share kati.

Ƙura, zafi da damina

Yanayinmu yana da tsanani ga kyamara. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, kuma idan ta sauka a kan sensa sai ɗigon baƙi ya riƙa fitowa a wuri ɗaya a kowane hoto. Kada a sauya gilashi a fili ana iska. A shiga ɗaki ko mota, a kashe kyamara, a juya bakinta ƙasa, sannan a sauya da sauri. Kada a goge gilashi da gefen riga, domin ƙurar da ke jiki tana kankare shi. A hure shi da ɗan famfon roba, sannan a shafa da ƙyalle mai laushi na musamman. Sensa kuwa a bar wa mai gyara.

Yawancin kamfanoni suna rubuta cewa kyamararsu tana aiki tsakanin digiri 0 da 40, alhali a watannin Maris zuwa Mayu zafi yana wuce 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri. Saboda haka kada a bar ta cikin mota a rufe ko a ƙarƙashin rana. Da damina kuma laima tana sa fumfuna ta tsiro a cikin gilashi, abin da gyaransa yake da wuya. A ajiye kyamara a cikin roba mai murfi tare da ƙananan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi, kuma a riƙa fito da ita ana amfani da ita.

Sabuwa ko ta hannu

Ana samun kyamarori a manyan kasuwannin kayan lantarki kamar titin Beirut a Kano, Banex a Abuja da kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas. Ga mai ƙaramin ƙarfi, kyamara mai madubi ta hannu tare da gilashin 18-55 ta fi sabuwa marar suna nesa. Amma a bi waɗannan matakai kafin biya:

1. A tafi da wanda ya san kyamara, kuma a tafi da katin ajiya na kai.
2. A nemi sanin adadin hotunan da ta taɓa ɗauka. Ƙyauren ƙananan kyamarori masu madubi yawanci an ƙera shi ne domin ɗauka kimanin 100,000.
3. A ɗauki hoton farar takarda ko sararin sama da ƙofar f/16, a faɗaɗa shi a duba ɗigo ko layi.
4. A haska tocila ta cikin gilashi a duba fumfuna, hazo ko tsaga.
5. A gwada kowane maɓalli, filasha, murfin batir da wurin saka kati.
6. A tabbatar tana daidaita hoto da kanta a kusa da nesa.
7. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin kyamara da ta gilashi, da sharaɗin mayarwa a rubuce. Wannan yana kare mai saye daga sayen kayan sata.

A cikin kasafi, kada a kashe duka kuɗin a kan kyamara ita kaɗai. A ware wani kaso domin batir na biyu, kati biyu, jaka mai kauri da kayan gogewa. Wanda aka sayar wa kayan jabu yana da damar kai ƙorafi ga hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wato FCCPC, kuma rasit shi ne hujjarsa.

Shawara ga jami'an ƙananan hukumomi

Hoton aikin gwamnati shaida ne, don haka yana da ƙa'ida. Kowace kyamara tana rubuta rana da lokaci a cikin fayil ɗin hoto, saboda haka wajibi ne a daidaita agogonta tun ranar farko. Wasu suna iya rubuta wurin da aka ɗauka, da kansu ko ta haɗa su da waya. A ɗauki aiki daga wuri ɗaya kafin a fara, ana tsaka da yi, da bayan kammalawa, kuma a haɗa da allon sanarwar aikin da wata alama ta garin. A adana ainihin fayil ɗin a ofis. Hoton da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto yana raguwa kuma bayanan da ke cikinsa suna gogewa, sai dai idan an tura shi a matsayin takarda. Kyamarar ofis kuma a shigar da lambarta cikin littafin kayan hukuma, tare da sunan wanda ya karɓa da ranar da ya mayar.

Ladubban ɗaukar hoto

Mallakar kyamara ba ta ba mutum izinin ɗaukar kowa. A nemi izini kafin a ɗauki mutum, musamman mata, marasa lafiya da masu neman taimako, yara kuma a nemi yardar iyayensu. Kada a shiga da kyamara cikin gidan mutane ba tare da amincewar maigida da matan gida ba. A fada a bi umarnin dogarai, a masallaci da maƙabarta a kiyaye alfarmar wurin. A nisanci barikin soja, shingen jami'an tsaro da sauran wuraren da aka hana ɗaukar hoto. Nijeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a a 2023, kuma hoton da ake gane mutum a cikinsa yana cikin bayanansa, don haka a yi hattara kafin a watsa shi a Facebook ko wani dandali.

Kammalawa

A taƙaice, mai ɗaukar iyali da rana ya riƙe wayarsa. Mai yawo a ƙura da ruwa ya nemi mai jure wahala. Mai son tsuntsaye da namun daji da rana ya duba mai dogon zango. Mai son koyon ɗaukar hoto sosai ya nemi wadda ake sauya wa gilashi mai sensar APS-C ko Micro Four Thirds: mai madubi ta hannu idan kuɗi da wuta sun yi ƙaranci, marar madubi idan hali ya samu. Hausawa sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida, kuma nagari a nan ita ce wadda ta dace da aikin mai ita da garin da yake zaune. Muna kira ga jama'a da su yi amfani da wannan dama wajen adana hotunan ganuwa, kasuwanni, sana'o'in hannu da dattawan garuruwansu, tare da rubuta suna da rana a kan kowane hoto, domin amfanin 'ya'ya da jikoki. Allah ya sa mu dace.